Dutsen da ke Garejin Moutari

Ranar da Moutari ya tambaye ni ko zan wanke shi, ruwa ne ya kwana yana sauka yana daskarewa. Ba irin farar ƙanƙarar nan ba ce da yara ke wasa da ita. Ruwa ne sosai, amma duk abin da ya taɓa sai ya zama gilashi, daga reshen bishiya har wayar lantarki da hannun ƙofar mota. Da gari ya waye ba abin da ake ji a unguwarmu sai karyewar rassa. Wuta kuwa ta ɗauke tun kafin asuba.

Ni a gidan 'yata Rahina nake zaune, nan bayan Gate City Boulevard. Ita ta kawo ni nan Amurka bayan rasuwar mahaifiyarta. Ba ni da boko, Turancina bai wuce na gaisuwa da na shiga bas ba. Abin da na taso da shi daga gida shi ne wankan gawa, don haka a masallacinmu idan namiji ya rasu ni ake kira.

Da hantsi Hamsatou, matar Moutari, ta buga wa Rahina waya tana kuka. Injin da ke ba mijinta iska ya tsaya saboda rashin wuta, ga tukunyar oksijin ta ajiya amma ta kasa haɗa ta. Rahina nas ce. Ta ce in zo mu tafi, muka tafi a hankali kamar masu tafiya a kan ƙwai.

Mun same shi zaune a bakin gado, ya dafa gwiwoyinsa, leɓɓansa sun yi baƙi. Mutum ne da shekarunsa ba su wuce hamsin da 'yan kai ba, amma ranar ya fi ni tsufa. Rahina ta haɗa tukunyar, muka tsaya muna kallon ƙirjinsa har ya lafa. Da ya sami magana sai ya ce matan su ba mu wuri.

"Bakano, matso kusa," in ji shi. Haka yake kirana, don shi Badamagare ne, akwai wasa tsakaninmu. Sai kuma ya sauya murya. "Baba, in ta zo, za ka wanke ni?"

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Kada ka amsa yanzu. Na san abin da ake faɗi, kai ma ka ji. Je ka gareji ka gani da idonka tukuna."

Abin da ake faɗi kuwa shi ne Moutari ya ajiye gunki a garejinsa yana bauta masa, kuma akwai waɗanda suka rantse ba za su tsaya a kan gawarsa ba. A gida wannan magana ba za ta hana a binne mutum ba, dangi suna da yawa. A nan kuwa in jama'ar masallaci suka janye hannu, ba wanda ya rage maka sai ma'aikatan gidan gawa, su yi da kai yadda suka saba yi da nasu.

Bari in koma baya, don a san wane ne shi.

Mahaifin Moutari masassaƙin dutsen niƙa ne a Damagaram. Moutari ya sha ba ni labarin yadda suke hura wuta a kan dutse har ya yi zafi, su kwara masa ruwa ya tsage, sannan su bi shi da guduma. Da injin niƙa ya shiga ko'ina sana'ar ta mutu. Moutari ya yi yawo, ya yi New York, daga baya ya gangaro Greensboro inda mutanen Nijar suke da yawa. Nan ya sami aiki a wani shago da ke yanka falalen dutse ana shimfiɗawa a kicin ɗin masu hali. Ya ce ranar da ya fara, da ya ɗora tafinsa a kan dutsen sai ya ji kamar ya gaisa da ɗan'uwa.

A shagon ya haɗu da Arumugam, wani dattijo Ba'indiye, ɗan siriri, baƙi kamar mu. An kawo shi Amurka da daɗewa don aikin ginin ɗakin bautarsu a wata jiha, da aikin ya ƙare sai ya zauna. Turancinsu su biyun bai cika cokali ba, amma sun fahimci juna. In Moutari ya shimfiɗa kwali zai yi azahar a bayan shago, Arumugam ne ke tsayawa yana kore masu tuƙa injin ɗaukar kaya. Shi ba ya cin nama. Wata rana Hamsatou ta yi dambu da zogale, Moutari ya buɗe kwano, tsohon ya leƙa, ya ɗauki ganye ɗaya ya shinshina, sai hawaye. Ashe su ma suna cin zogale a garinsu. Tun daga ranar kwano biyu Hamsatou ke zubawa.

Garin nasa a bakin teku yake, sunansa Mahabalipuram. Moutari bai taɓa iya faɗin sunan duka ba, Mahabali yake cewa. Arumugam ya nuna masa hotunan wurin a waya, shi kuma ya zo ya cika mana kunne da su a wajen shan shayi bayan sallar Juma'a.

"Baba, ba gini ba ne fa. Dutse ne guda, suka fara daga sama suna ci suna gangarowa, har ya zama ɗaki da ginshiƙai da rufi. In ka yi kuskure sau ɗaya, shi ke nan, ba siminti, ba faci. Ga giwa tsaye, ita ma dutse guda. Ga koguna da suka rarake a jikin tsauni. Ga wani ƙaton dutse mulmulalle zaune a kan gangare kamar yanzu zai mirgino, irin namu na unguwar Birni a Damagaram sak."

Wani ya ce, "To, duk aikin arna ne."

"Na sani. Ni hannun nake gaya maka."

Amma abin da ya fi kama shi ba giwar ba ce. Wasu 'yan ramuka ne masu kusurwa huɗu, a jere a jikin dutse kamar ɗinki. Arumugam ya ce masa mutanen da suna cusa itace a ciki, su yi ta zuba ruwa, itacen ya kumbura ya tsaga dutsen. Moutari ya ce, "Ka ji, su da itace da ruwa, mu da wuta da ruwa. Da babana ya ga wannan da bai yi barci ba." Ya kuma ce da yawa daga ayyukan ba a gama su ba. Ana cikin yi aka ajiye kurfin sassaƙa aka tafi, shekaru fiye da dubu ke nan, ramukan suna nan suna jira.

Arumugam ya daɗe yana tari. Da ya gane ba zai sake ganin garinsu ba, sai ya ce yana so ya bar wa 'yarsa Selvi wani abu. Ita a nan ta girma, garin ubanta a hoto ta fi saninsa. Akwai wani ɗakin bauta da ke tsaye daf da ruwa, inda ya yi wasa yana yaro, shi yake so ya sassaƙa ƙaraminsa. Mai shagon ya ba shi wani gundumemen dutse da ya rage. A gidan sama yake haya, ba wurin aiki. Moutari kuwa yana da gareji.

Ran Lahadi suke yi, ƙofa a buɗe, tiyo yana zuba ruwa a kan injin yanka don ƙura ta kwanta. Farin ruwan yakan gangara har bakin titi. Aikin bai wuce rabi ba tsohon ya kwanta. Moutari ya je duba shi, tsohon ya ɗauko kurafansa da ke naɗe cikin tsumma ya sa masa a hannu, ya rufe hannun da nasa. Nufinsa Moutari ya ƙarasa aikin. Moutari ya ce masa to. Bayan 'yan kwanaki ya rasu, mutanensa suka ƙone gawar yadda addininsu ya ce.

Da abin ya tsaya nan da ba wanda ya sani. Sai ƙanwar Hamsatou ta haihu, aka yi taron suna a gidan Moutari. Kujeru suka kasa, Alhaji Sanda ya shiga gareji neman ƙari. Alhaji Sanda yana da filin sayar da motoci, kuma ba mutumin banza ba ne, gawa nawa ya tsaya aka binne a garin nan. Ya ɗaga tamfol ya ga dutsen. Ya kuma ga galan-galan na madara a jere a gindin bango.

Madarar nan ita ta kashe maganar. Duk masu aikin dutse a wajenmu sun yarda cewa in ka tashi aiki ka sha nono, zai wanke maka ƙurar da ka shaƙa. Haka uban Moutari ya yi, haka shi ma yake yi, galan guda yakan shanye. Amma mu duka da finafinan Indiya muka tashi, kuma ba wanda bai taɓa ganin ana kwarara wa gunki madara ba. Kafin a watse daga sunan, magana ta tashi daga "akwai dutse a garejinsa" ta koma "yana ba shi nono safe da yamma."

Moutari ba mai jayayya ba ne. Ya yi bayani sau ɗaya, aka yi masa shiru irin wanda ya fi zagi. Aka daina zama kusa da shi wajen shayi. Matan suka rage kiran Hamsatou biki. Shi kuwa ya riga ya ce wa mamaci to.

Sai ya rufe ƙofar garejin. Ya toshe ƙasanta da tsofaffin darduma don kada ƙara ta fita. Ya daina sa ruwa, domin farin ruwan da ke gangarawa titi shi ke gaya wa duk mai wucewa cewa yana aiki. Takunkumin da suke sawa a shago ba ya kama fuskar mai gemu, iska ta gefe take shiga. Rahina ta ce masa ya rage gemun. Ya ce, "Yanzu? Ana cewa na bar addini, sai kuma a gan ni da haɓa a sulluɓe?" Haka ya yi ta yankan dutse a bushe, a rufaffen ɗaki, sanyi da zafi, ya fito fari fat kamar wanda ya faɗa buhun fulawa, ya sha madararsa. Da numfashi ya fara gagararsa aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Rahina ta gaya mini cewa shekarun shago ne suka fara cin huhun, amma garejin ne ya ƙarasa shi, kuma abin ba ya warkewa.

To, ranar ƙanƙarar na fita na zagaya garejin. Babu wuta, don haka sai na ɗaga babbar ƙofar. Ƙanƙara ta liƙe ta, na yi ta dukanta da ƙafa kafin ta saki. Haske ya shiga. Ƙura kwance a kan komai, mai laushi, ƙafata tana nutsewa.

Dutsen ya kai mini ƙugu. Hasumiya biyu ce, babba da ƙarama, hawa-hawa suna tsukewa zuwa sama, an zagaye su da 'yar katanga. A kan katangar wasu abubuwa ne kwance a jere, masu tozo kamar shanu, amma ba ido, ba baki, ba ƙaho. Akwai 'yar ƙofa a gaban babbar hasumiyar. Na yi bisimilla na zura hannu har gwiwa, na laluba. Ba komai a ciki sai sanyi. Gefe guda na ƙaramar hasumiyar kuwa ɗanyen dutse ne, ba a taɓa shi ba, sai 'yan ramuka a jere. A kusurwa ga dardumarsa ta salla tana kallon alƙibla, ƙura ta rufe ta, in ban da wurin goshi da wurin gwiwoyi.

Na daɗe a tsaye. Aikin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji tsoronsa.

Da na koma ciki na ce, "Shanun nan, ina fuskokinsu?"

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. "Iskar teku ta cinye su, Baba. Gishiri. Arumugam ya ce tun yana yaro haka ya san su, haka kuma zai yi su. Shi ya yi shanun. Ni rufi kawai na yi."

"Cikin kuma?"

"Ya ce abin da ke ciki ba aikina ba ne, ba zai ɗora mini ba."

Na ce, "Zan wanke ka, Badamagare. Amma ni kaɗai ba na ɗaukar makara."

"Bon," in ji shi, wato "to" da Faransanci. "Wannan kuma sai yadda ta yiwu."

Da ƙanƙarar hanya ta narke na je wurin limaminmu, Malam Habibou, na roƙe shi ya zo ya gani. Ya zo tare da Alhaji Sanda da Tassiou, wani direban tasi ɗan garin su Moutari. Suka shiga garejin suka fito, muka zauna a falo, injin iska yana ta huci a gefe. Malam ya ce shi dai aikin bai kwanta masa ba, da an tambaye shi tun farko da ya hana. Amma wanda ke kallon gabas ana yi masa salla, sauran tsakaninsa ne da Ubangijinsa.

Alhaji Sanda ya ce, "Malam, ba ƙiyayya ba ce. Yaranmu a ƙasar nan da ƙyar muke riƙe da su. Gobe ɗana ya ce mini ai Kawu Moutari ma ya gina ɗakin gunki kuma kun sallace shi, me zan ce masa? Abu ne mai sauƙi. A fasa shi a gaban mutane, magana ta mutu, ni da kaina zan shiga kabarin in karɓe shi."

Tassiou ya ce, "Alhaji, shanun ma ba su da kai. Ni da na gani na zaci buhunan gero ne."

"Kai dai yi shiru, ba wasa muke ba."

Hamsatou tana tsaye a bakin kicin. Ta ce, "Ka bari a fasa, don Allah. Ka ba shi lafiyarka, me kuma ya rage?"

Moutari ya daɗe yana tara numfashi. Sannan ya ce, "Alhaji, guduma tana nan bayan ƙofa. Ni yanzu ko buta ba na iya ɗagawa. In za ka fasa, ga hanya. Sai dai ka sani ba nawa ba ne. Kayan marainiya ne, ubanta ya bar mini amana."

Alhaji Sanda ya tashi. Na ɗauka garejin za shi. Ya tsaya a tsakiyar falon yana juya makullin mota a yatsa, ya ce, "Ni ba na taɓa kayan marayu. Amma ba zan tsaya a kanka ba, Moutari." Ya sa takalmansa ya fita.

Bayan wannan na riƙa zuwa wurinsa, in hau bas in sauka in ƙarasa da ƙafa. Ba ma yawan magana, numfashin bai isa ba. Wani lokaci yakan ce in buɗe masa hotunan Mahabali a waya, ya tsaya a kan na ramukan nan. Sau ɗaya ya ce in kai shi gareji. Na tura shi a keken marasa lafiya, da tukunyar iska a cinyarsa. Ya ɗauki kurfi ya ɗora a kan ɗanyen gefen, ya nemi ɗaga guduma, hannun ya ƙi. Ya ajiye. Ya ce, "Ashe haka mutanen Mahabali suka yi su ma." Na mayar da shi ciki.

Ya rasu da bazara, lokacin da ƙurar furanni ke rufe motoci da ruwan ɗorawa. Ni na wanke shi, Tassiou yana zuba mini ruwa. Jikin ya ƙare, haƙarƙari a waje, amma tafukan hannunsa suna nan da kaurinsu kamar fatar ganga, sai da na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin suka miƙe. Na wanke gemun sau uku.

An sanar a waya kamar yadda aka saba. Jana'iza a masallacinmu takan cika har waje, mutane su bar aiki su zo. Ranar kuwa, da Malam Habibou ya juyo ya ga abin da ya taru, sai ya ce a rarrabu a yi sahu uku, ko da gajeru ne. Aka yi. Masu ɗaukar makara ba su sami masu karɓarsu ba, su suka ɗauka su suka sauke. Alhaji Sanda bai zo ba. Ya aiko da motar da ta kai gawar, direban ya ce an ce kada ya faɗi wanda ya aiko shi, amma duk mun san motar.

A maƙabarta na hango wata mata can nesa wajen shinge, ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, tana tsaye a kan ciyawa har muka gama. Selvi ce. Bayan sadakar uku ta zo da mutane da motar ɗaukar kaya. Ta tambayi Rahina ko akwai wanda zai iya ƙarasa gefen da ya rage, Rahina ta tambaye ni, na ce ban san kowa ba. Ta ce to a bar shi haka.

Hamsatou ta gama takaba ta koma wurin yayanta a Ohio. Gidan wasu ne ke haya yanzu, sun wanke garejin suna sa mota. Moutari yana kwance a ɓangaren Musulmi na maƙabartar da ke bayan gari, layi na ƙarshe kusa da shinge, ba dutse a kansa sai ɗan allon ƙarfe. Dutsen kuma yana bayan gidan Selvi a Sedgefield, a ƙarƙashin wata bishiya, gefe guda ba a gama ba.